Ranar da Aka Sa wa Kwamfuta Magagari

Shekarar da aka fara Shari'a, kawuna ya rufe gidan kallonsa na Kaura Namoda, ya sayi tsohuwar kwamfuta yana buga wa mutane takardu. Nauyi gare ta. In ka kunna ta, kana iya yin alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba.

Wani hedimasta daga Sakajiki ya kawo tambayoyin jarrabawar aji shida, yana son su kafin azahar, don washegari za a zauna. Kwafi ɗaya ne, kuma da aka shigar da su cikin kwamfutar, hedimastan ya bai wa mai ƙosai takardar ta naɗe ƙosai.

Da ma kawu ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa a kasuwar Shinkafi, 'yar siririyar falle da ake kira ram. Ya ce yau za ta yi rana. Ni aka kira, saboda ina fassara labarai a rediyo, a ganinsa duk abin da ke da waya dangina ne.

Na gwada, ta ƙi zama. Tsagar gindinta ta saɓa wa haƙorin ramin da kaɗan. Na karanta jikinta: wutar bolt uku da ɗigo uku take ɗauka. Babban allon kwamfutar kuwa biyar yake bayarwa. Da gangan aka goce tsagar.

"Kawu, ba tata ba ce. Wutar ta fi ƙarfinta."

"Kai ɗan nan, biyar da ukku mi ar raba su? Biyu ƙwal! In ƙota ta ƙi shiga kwashe, yar da ita aka yi?"

Hedimasta, wanda shi ma manomi ne mai riƙon kwashe, wato fartanya, ya ce, "Sassaƙe ta aka yi, Alhaji."

Aka aro magagari wurin maƙerin da ke maƙwabtaka. Kawu ya goga tsagar a hankali, yana hurewa. Gaskiya aikin ya yi kyau, ta zauna daram.

Ya yi bisimilla ya kunna. Ba ta yi nauyi ba ko kaɗan: nan take muka ji ƙauri, hayaƙi siriri ya fito ta baya.

"Ka gani," in ji kawu, "ta dai shiga."

 Hedimasta ya hau kekensa ya nufi wurin mai ƙosai. Ya samo lissafi da rabin Turanci, duk sun sha mai. Sauran an riga an ƙunshe wa mutane sun wuce.