Wuƙar Sojan Ruwa da Na Sayar Ba da Izini Ba

In dai ina da rai, ba zan manta da makon da na yi ina bin wata wuƙa a cikin Yaoundé ba. A lokacin mahaifina yana da ɗan shagon kayan tarihi a unguwar Briqueterie, ni kuma na fara zama masa saboda ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ina ji da kaina sosai, ina ganin na riga na iya sana'ar.

Wata ranar Talata wani dillali daga unguwar Messa ya kawo mini Bature mai tara tsofaffin wuƙaƙen hafsoshin sojan ruwa. Baturen ya duba abin da ke kan kantar shago bai ga na so ba. Sai na tuna da wata da na gani a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon zane. Ƙotarta hauren giwa ce da ta yi ja don tsufa, kubenta na tagulla, ga hoton ƙugiyar jirgi a jikinta. Na ɗauko masa, ya zare ta daga kube. Ya ce ta Jamusawa ce tun zamanin da suke mulkin Kamaru, don ado ake ɗaura ta ba don faɗa ba, kuma kambin da ke kanta ya nuna an ƙera ta kafin sarautarsu ta faɗi. Muka daidaita, ya tafi da ita.

Na shiga gida da murnata. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ta cikin zane? Ba tamu ba ce. Ajiyar Hajiyar unguwar Nkomkana ce, tun da ruwa ya ci ɗakinta."

Bai yi mini faɗa ba. Juya fuskarsa kawai ya yi ga bango. Har yau na fi jin zafin wannan a kan mari.

Washegari na tafi Messa a ƙafa. Dillalin ya ce ciniki ya ƙare, in haƙura. Na zauna a bakin rumfarsa har la'asar, sai da ya gaji da ganina ya faɗa mini otel ɗin da Baturen ya sauka. Kwana biyu ina zuwa ƙofar, mai gadi yana kora ta ina komawa gindin mangwaro. A rana ta uku Baturen ya fito, na tare shi da Faransancina na kasuwa.

"Na saya, ka sayar," in ji shi. "Jibi zan tashi."

Na ce, "Abin da ba nawa ba na sayar maka. Ga abin da ka ba ni, ban taɓa ba. In ba za ka mayar ba, ka zo ka faɗa wa mai ita da bakinka."

Sai ya tsayar da taksi, muka shiga.

Hajiya na tsince shinkafa muka same ta. Ta karɓi wuƙar, ta nuna masa wata 'yar tsaga a ƙota ba tare da ta duba ba. Ta ce kakanta mai wanki ne a jirgin ruwa a Douala, shi ya tsamo wani matashin hafsa da ya faɗa kogi, hafsan ya kwance ta daga ƙugunsa ya ba shi. "Babana da ita ya yi ado ranar aurensa," in ji ta. "Jikana nake ajiye wa."

Baturen ya ce yana da irinta da yawa a gida, amma ba wadda ya san hannun da ta bi. Ya roƙi izinin ɗaukar hotonta, ya rubuta labarin, ya bar mata kayanta.

Ni kuwa Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka yi wauta, amma ka gyara. Gaida babanka."

Yau ni ke riƙe da shagon. Abin da makon nan ya koya mini shi ne, duk tsohon abin da ya shigo hannuna, kafin in tambayi darajarsa sai na tambayi mai shi. In kuma na yi kuskure, ba na zama ina jin kunya, tashi nake in bi shi har in gyara.