Buhun da Mainasara Yake Zama a Kai

Yayana Mainasara bai taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba, amma shekara goma sha tara shi ya riƙe ɗakin sanyi na ƙungiyar masu lambu a Madarumfa. A wani ƙauye na Gabi aka haife mu, gidan da ake bin addinin kakanni. Ya yi cirani a Katsina, can ya koyi taɓa inji, ya dawo da yatsa ɗaya a lanƙwashe da kunnen da ke jin ciwon injin wuta tun kafin ya mutu. Bai san ma'aunin zafi ba. Yana shiga ɗakin sai ya tsaya, ya ji iska a ƙeyarsa, ya ƙara sanyi ko ya rage. Tumatir da kabejin mutanen bakin tafki ba su taɓa lalacewa a hannunsa ba. Ni Asabe, ƙanwarsa, ina da lambuna kuma can nake kai kaya, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Bara waccan ƙungiya ta ɗauki sabon manaja, Rabi'u, ɗan wani mai motoci a Ɗan Issa, mai takardu da takalmi mai ƙara. Ya sa aka jera faranta masu ɗaukar hasken rana a rufi, aka kawo batura, aka kafa wani farin akwati a ofis. Akwatin ne ke kunna injin sanyi, ya rage masa ƙarfi idan ɗaki ya yi, ya kashe fitila idan ba kowa, ya zaɓi lokacin da za a ci rana da lokacin da za a ci man gazuwal na injin wuta. Ba zan yi masa ƙarya ba, abu ne mai kyau. Fushina ba da akwati nake yi ba.

Ranar buɗewa Rabi'u ya tsaya gaban jama'a, ya nuna yayana da baki.

"Daga yau mun bar dogara ga ƙeyar tsoho," in ji shi. "Akwatin ga ya hi shi hankali, kuma ba sai an yanka mishi baƙin zakara ba."

Mutane suka yi dariya, har waɗanda Mainasara ya ceci amfaninsu shekara da shekaru. Aka karɓe makullai daga hannunsa, aka ba shi benci a bakin ƙofa ya zama mai gadi. Ya je ya zauna a kai. Ni kuwa na koma gida, na kasa cin abinci.

To, a cikin ɗakin akwai wata tsohuwar ƙusa a bango. Mu matan lambu da jiƙaƙƙen buhu muke rufe kwando don kada rana ta dafa kaya a hanya, kuma duk wadda ta sauke kayanta a wannan ƙusar take rataye buhunta. Mai haɗa na'ura da ya zo daga Maraɗi ya zare ƙusar, ya kafa ɗan ma'aunin da ke gaya wa akwati zafin ɗakin daidai wurin. Ma'aunin ya turo kai daga bango kamar maratayi. Mata suka ci gaba da abin da hannunsu ya saba.

Da bazara ta kama, sai ɓarna ta fara. Jiƙaƙƙen buhu ya lulluɓe ma'auni, ma'auni yana jin sanyi, akwati yana rage wa inji ƙarfi, tumatir yana nuna yana fashewa. Allon ofis kuwa yana cewa komai lafiya. Rabi'u ya ce mu ne muke kawo ruɓaɓɓen kaya. Ya kira mai haɗa na'urar, shi ma ya duba ta wayarsa daga Maraɗi ya ce babu matsala.

A rana ta uku na lura Mainasara yana kallon bangon ta ƙofa, yana ɗan murmushi. Na bi idonsa, na gane.

"Yaya, ka san abin ga," na ce masa.

"Na sani."

"Ba ka hwaɗi?"

"Wa ya tambaye ni, Asabe? Ni mai gadi ne."

Kwanduna huɗu nawa suna ciki. Ban faɗa ba ni ma. Gaskiya ma, sau biyu na tarar buhun ya bushe, na tsoma shi a ruwa na mayar.

Rana ta goma sha biyu motar mai saye ta zo, mutumin ya leƙa, ya toshe hanci, ya juya babu kwando ko ɗaya. Masu lambu suka cika harabar suna neman Rabi'u. Ya fito yana zufa, ya duba allo, ya duba mu, daga ƙarshe ƙafarsa ta kai shi gaban benci.

"Baba Mainasara," ya ce a hankali, "ko ka ga wani abu?"

"Ɗaga murya, Mushe Rabi'u. Kunnena ya tsuhwa."

Sai da ya maimaita sau biyu, har na bayan katanga suka ji. Sannan yayana ya tashi, bai yi sauri ba, ya shiga ɗakin jama'a na biye da shi. Ya miƙa lanƙwasasshen yatsansa ya zare buhun. Kafin a sha ruwa a ajiye kwano, injin ya tashi da ruri, iska mai sanyi ta bugi fuskokinmu.

"Akwatinka ba shi da laihi," in ji Mainasara. "Abin da aka gwada mishi shi ya gani. Da ka tambayi ƙeyar tsoho, da ta ce ma a bar wa mata ƙusarsu."

Babu wanda ya yi dariya a ranar. Ni dai na ji daɗi har cikin ƙashina.

Abin bai zo kyauta ba. Tani, wadda mijinta ya rasu ya bar mata lambu, ta yi asarar rabin amfaninta. Ta tsaya gabansa ta ce, "Ka sani ka yi shiru." Ya kai mata albasarsa buhu biyu, ta karɓa, amma har yau ba ta gaishe shi. Wannan yana cin sa, na sani. Ni ban taɓa kukan kwandunana huɗu ba.

Ƙungiya ba ta kori Rabi'u ba. An buga sabuwar ƙusa nesa da ma'auni, akwati ya ci gaba da aikinsa lafiya lau. Rabi'u ya kawo makullai da kansa, Mainasara ya ce a bar su, bencin ya ishe shi. Buhun kawai ya roƙa. Ya wanke shi, ya ninke biyu, ya shimfiɗa a kan bencin. Ƙofar ɗaya ce, babu wata hanyar shiga ofis. Kullum da safe Rabi'u sai ya tsaya ya ce, "Ina kwana, Baba," yayana kuwa sai ya ɗan ɗaga jiki, ya gyara buhun da kyau, sannan ya amsa.