Jarkar Manaja

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba cikin bazara, a shekarata ta sha biyu ina shugaban tukunya a wani ɗan kamfanin abin sha da ke Ƙauran Namoda. Ku da kuka shigo aikin nan jiya jiya, ku matso ku ji, don na ga wasunku har yanzu suna zuba shuwaka kamar masu yin miya.

Abin da muke yi ruwan tsiro ne. Za a jiƙa dawa ta tsira kwana uku, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa mai ɗumi har zaƙinta ya fito, a tace, sannan a tafasa awa biyu. Zaƙin tsiro shi kaɗai yana gundura, shi ya sa muke ɗaure busasshiyar shuwaka a ƙyalle mu jefa a tukunya saura minti goma a sauke. Ɗan ɗacin nan ne ke sa mutum ya sha ya nemi ƙari. Da zafinsa ake ɗura shi a kwalba, a sa ƙanƙara, a shanye cikin kwana biyu. Idan aka bar shi ya kwana cikin zafi babu ƙanƙara, sai ya fara kumfa, daga nan kuwa ya kama hanyar zama giya.

Tsarinmu shi ne Alhaji mai kamfani, sai manaja, sai ni, sai masu ɗura kwalba. A lokacin Alhaji ya tafi Umara. Manajan kuwa sabo ne, Malam Nasiru, mai takardar difloma, sa'an ɗana na fari. Yaron kirki ne, amma fa bai san a ce masa ba haka ba.

Wani babban malami a Shinkafi ya sa a kai masa kwalba ɗari huɗu ranar Alhamis bayan azahar, don walimar saukar karatun ɗiyansa mata biyu. Da safiyar Larabar na ɗora tukunya, sai aka aiko maƙwabcina ya rasu. Na tafi jana'iza, na bar wa manaja wuta. Ina dawowa na ga ƙyallen shuwaka yana yawo a tukunya, ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Manaja, tun yaushe wanga ƙyalle yake ciki?"

Ya ce, "Tun da ta fara tafasa, Baba Mamman. Ɗaci yana hana abu lalacewa, ga zafi, ga hanya."

Na ɗebo a ludayi na kurɓa. Innalillahi! Sai ka ce na tauna ɓawon maɗaci. Na miƙa masa, ya kurɓa, ya yi ta maza ya haɗiye, idonsa na hawaye.

Ya ce a juye buhun sukari a ciki, a bar shi a baho ya kwana, kafin gobe ɗacin ya kwanta. Na ce masa ɗacin ba zai je ko'ina ba, kuma sukari da zafin bazara da kwana ɗaya, ai burkutu ke nan muka haɗa da hannunmu, mu ɗauka mu kai gidan malami a raba wa mahaddata.

Ya ce, "Baba, ni ne manaja. In ka taɓa tukunyar ga ba da izinina ba, Alhaji na dawowa ka nemi wani aiki."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ina da iyali, kuma ban iya komai ba sai wannan tukunya. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, kana iya korata, amma ba da hannuna za a yi wanga aiki ba." Sai na ɗebo jarka guda daga tukunyar, na zuba mata sukari yadda ya ce, na rufe, na ajiye a ofishinsa. Na ce wannan tasa ce, sauran kuma ya ba ni zuwa gobe da hantsi. Ya kaɗa kai ya ce in ji da kaina.

Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Ɗaci ba a kashe shi, raba shi ake yi. In ka dafa wani ruwan tsiro wanda babu shuwaka ko kaɗan, ka gauraya su, sai ɗacin ya bazu ya dawo daidai. Matsalar ita ce garin tsironmu ya ƙare, kuma sabo sai ya kwana uku. Na hau babur na bi gidajen mata masu kunun zaƙi, gida gida, ina sayen garin tsiro, nan kwano biyu, can kwano uku. Wata tsohuwa, Inna Kulu, har tsiya ta yi mini, wai yau kamfani ya zo bara wurin masu ƙwarya. Na ce na ji, Inna, a dai auno. Kafin la'asar na haɗa abin da zai isa.

Mai ɗacin na sake tafasa shi, na ɗura a jarkoki da zafinsa, na toshe, na binne cikin ƙanƙara. Da sassafen Alhamis na dafa sabon, na fara gwadawa a kofi. Mai ɗaci ɗaya, sabo ɗaya, har yanzu yana kama maƙoshi. Ɗaya da biyu, ya kusa. Ɗaya da biyu da rabi, na kurɓa, wallahi ban taɓa dafa mai daɗinsa ba. Na gauraya abin da zai cika kwalba ɗari huɗun a kan wannan ma'auni, aka tafasa, aka hau ɗuri.

Muna cikin ɗuri sai muka ji fuuu daga ofis. Jarkar manaja ce ta kumbura kamar cikin akuya, da ya murɗa murfin sai kumfa ta wanke masa riga. Warin tsami ya cika wurin. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya yi dariya, ko da yake ni dai na sha wuya kafin na danne tawa.

Tare muka kai kayan Shinkafi. Malam ya buɗe kwalba guda a zaure, ya yi bisimilla ya sha, ya ce, "Madalla. Wa ya dafa wanga?" Kafin in buɗe baki manaja ya ce, "Allah gafarta Malam, Baba Mamman ne. Da tawa aka bi, da yau na jawo wa gidanka abin kunya." Malam ya dube ni ya sa mini albarka, ya shanye kwalbar tas. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Abin da na ɗauka a ranar shi ne, mai sayen abin sha ba ya ganin tukunya, bakinsa kawai yake buɗewa ya yarda da kai. Kuma na gane mai takardar da zai iya faɗin kuskurensa a gaban mutane ba abin rainawa ba ne. Da Alhaji ya dawo, manaja bai kai ƙarata ba. Takarda ya rubuta da hannunsa ya manna a jikin ɗakin girki, cewa daga yau ba mai jefa shuwaka a tukunya sai Baba Mamman ya ɗaga hannu, har da manaja.