Faifan Kaka da Baƙon da Ya Ƙi Tafiya

A ƙauyenmu, kudu da garin Makwar, tsawon tatsuniya ya danganta ne da girman faifan da Kaka take ɗinkawa. Ƙa'idarta zagaye ɗaya, tatsuniya ɗaya. In sabon faifai ta ɗora, zagayen bai fi tafin hannu ba, kafin ka gyara zama ta kai ƙarshe, sai mu tashi muna gunaguni. In kuwa ya yi faɗi, har ƙannena su fara gyangyaɗi ba ta sallame mu ba. Saboda haka duk yaran gidan mun fi kowa sa ido a kan aikinta, ba don muna son faifai ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce. 'Ya'yan maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata Habboba, wato kaka da harshensu, tana amsa musu, amma in ɗayanmu ya kuskura ya kira ta haka sai ta yi kamar da bango yake. Ni kuwa angonta nake, kullum tana yi mini gorin ban taɓa saya mata ko goro ba. Da rana tana hawasha tare da kowa, wato gonar audugar da aka ba Baba a bakin tur'a, magudanar da ke kawo ruwan noma. Bayan magariba, in an ci tuwo an hura wuta da karan dawa, sai ta jawo kwaryar da ta jiƙa kabarta, ja da kore da baƙa, ta ɗauki basilla. Ba na sayarwa take yi ba. Wani ta bayar, wani ta rataye a ɗaki ta riƙa kallo.

Shekarar da nake tunawa, idonta ya fara hazo ana tsakiyar lagit, lokacin tsinkar auduga, lokacin da ko mai jego ba a bari a gida. Ta riga ta ɗora wani babban faifai mai adon da ta ce a hannun uwarta ta gani tun kafin su baro ƙasar Sakkwato, kuma ba ta taɓa samun sukunin yinsa ba sai yanzu. Baba ya ga tana kai shi har bakin hanci. Ya tsaya daga nesa, ya ce, “Inna, ki aje aikin ga hakanan. Bayan lagit in kai ki Sinnar ga hakim, likitan ido, a wanke idon, sa'annan ki gama shi kwayyis, tsaf, da rana tsaka.”

Ba ta amsa ba, ba kuma za ta amsa ba. Baba ɗan farinta ne. Ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba, balle ta ja magana da shi. In tana da saƙo, ta bakin Innarmu yake bi. Wannan karon ko Innarmu ba ta aika ba. Ta dai jawo kaba, ta dubi inda muke, ta ce, “Ga ta nan ta iso bakin ƙohwa.” Muka ce, “A shimfiɗa mata tabarma.” Baba yana gefe yana gyaran buhunan gobe.

Ta ce wasu mata biyu ne maƙwabta, kowace ta rina kaba za ta yi faifan da ba a taɓa gani ba. Sai ga baƙo ya sauka a garin, sunansa Aiki, ya raba kwana tsakanin gidajensu. Ta farko mace ce mai kunya. Ta ce ba ta ɗaukar basilla baƙo yana zaune, sai ya tafi. Ta tambaye shi yaushe zai kama hanya, ya ce da an gama shuka. Aka gama shuka, ya ce bari dai ya ga noma. Aka yi noma, ya ce ai ba ya tafiya bai ɗanɗana sabuwar dawa ba. Kabarta tana jiƙe har ta ruɓe, ta rina wata, ita ma ta ruɓe. Ta biyu kuwa, in ta ba shi tuwo ya ci, sai ta juya masa baya ta yi zagaye ɗaya. Ya ce mata wannan rashin ladabi ne. Ta ce, “Ma'alesh, yi haƙuri, baƙo. Yini naka na, wagga 'yar sa'a tawa ta.”

Ƙanwata ta tambaya, “To yaushe baƙon yat tahi?”

“Wa yac ce maki ya tahi? Yana nan. Bukra, gobe ke nan, da asuba ki zo hawasha in gwada maki shi.” Ta soke basilla a bakin zagayen, ta ce, “Baki ya haɗu, halas, ta ƙare, ku tashi.”

Mu dariya muka yi. Baba bai yi ba. Ya ɗaure buhunansa ya shiga ɗaki. Ranar kasuwa ya dawo da damin kaba da ƙullin garin rini, ya ajiye a ƙofar ɗakinta.

Ta gama faifan saura kwanaki a rufe lagit. Tsakiyarsa tsaf, adon yana tafiya yadda take so. Zagaye shida na ƙarshe kuwa launukan sun cakuɗe, inda ja ya kamata sai ga kore, don a hasken wuta ta daina bambance su. Innarmu ta so ta warware ta gyara mata a ɓoye. Baba ya hana. Da faifan aka riƙa rufe wa Baba abinci har ya tsufa.

Tafiyar Sinnar ba ta yiwu bayan lagit ba. Sai da aka tuge karan auduga aka ƙone, aka gyara bakin ruwa, ga damina ta kawo kai, ga shukar dawa. Da aka samu aka je, likita ya duba ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce ta mutu, kuma ko an zo da wuri da wuya a ceto ta. Kaka ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ta ci gaba da ba mu tatsuniya, sai dai babu sauran abin auna tsawonta, wani lokaci takan tsaya a tsakiya ta ce ta gaji.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin dabarar tsohuwa, yadda ta gaya wa ɗanta a'a ba tare da ta dube shi ba. Ina ba abokaina shi muna dariya. Ni ma ina da abin da hannuna yake so: tun ina ɗan makaranta nake zana jiragen ruwan da ke bakin kogi a bayan littafi. Shekarar da na fara koyarwa a garin Madani na sayi akwatin fenti da buroshi, na sa a ƙasan gado, na ce sai hutu. Hutu ya zo da gyaran takardu, sannan aure, sannan yara, sannan jinyar Baba. Ban taɓa cewa na fasa ba, kullum cewa nake sai an sarara.

Ranar da na ajiye aiki na jawo akwatin na buɗe. Fentin duk ya bushe, ko da wuƙa bai kankaru ba. Na zauna a bakin gado, raina ya ɓaci ƙwarai, ba kuma da kowa ba. Baba da yake can gefe a cikin buhuna ya ji abin da ta ce tun a daren. Ni da nake zaune a gindin ƙafarta, sai da na shekara sittin.