Kananzir ɗin da ya ƙi kai ɗigo takwas

Shekarun baya, ina aji biyar na sakandare a nan Suleja, malamar kimiyyarmu ta ce kowane tebur ya zo da ɗan kananzir daga gida, domin na makaranta ya ƙare. Za mu auna abin da take kira densiti, wato nauyin abu gwargwadon wurin da ya ci. Mutuniyar kudu ce da ta daɗe a gari, Hausarta gajera ce, ba ta kwana-kwana.

A lokacin ana wahalar kananzir. Mahaifiyata ta samo galan ɗaya wurin wani mai sayarwa a bakin hanyar Diko, ba ta ma fara amfani da shi ba. Ta tsiyaya mini a kwalbar magani, ta ce in dawo mata da ragowar.

Har yanzu ina iya ganin ɗakin gwajin nan: dogayen tebura, famfunan da ba su taɓa kawo ruwa ba, da sikeli biyu a cikin akwatin gilashi, waɗanda muke bi layi mu taɓa kamar kayan aro. Aikin ba wuya. Akwai wata 'yar kwalba mai murfin gilashi. Ka auna ta ba komai a ciki, ka cika ta da ruwa ka auna, ka busar da ita, ka cika da kananzir ka sake aunawa. Sai ka raba nauyin kananzir da na ruwa.

Kowane tebur ya samu sifili da ɗigo takwas, ko kusa da haka, kamar yadda littafi ya ce. Ni da abokina muka samu ɗigo bakwai da shida.

"Mutumina, rubuta takwas kawai mu fita," in ji shi. "Mai awara za ta tashi."

Na goge, na rubuta takwas. Sai dai ko maguɗin ban iya ba: na canza amsa, na bar lissafin da ke samanta yadda yake.

Malama ta zo, ta bi lissafin da bakin biro, ta tsaya.

"Wannan raba wannan, shi ne takwas?"

"Malama, ina jin sikelin ne."

"Sikeli ba ya jin tsoron littafi. Kai ne kana ji. Oya, sake."

Na sake, tana tsaye a kaina. Ɗigo bakwai da shida. Ta sa na koma ɗaya sikelin. Haka dai. Ta karɓi kananzir na teburin da ke kusa, ta zuba a kwalbarmu, ya ba da takwas cif. Daga nan ta daina kallona, ta koma kallon kwalbar maganin. Ta sunsuna. Ta ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, ta fita da shi tsakiyar fili, ta ce mu ja baya. Kananzir na gaskiya ba ya saurin kamawa idan ba lagwani. Wannan kuwa, ashana ba ta kai gare shi ba ya tashi fuu.

"An haɗa da fetur," ta ce. "Fetur bai kai kananzir nauyi ba, shi ya ja lambarka ƙasa. Mamanka ta zuba a risho?"

Na ce wanda ke ciki ya kusa ƙarewa, da rana za ta ƙara. Ta dubi agogon hannunta. Sha biyu saura.

Da kanta ta raka ni bakin ƙofa, ta tare ɗan acaɓa, ta ce masa, "Kai shi gida, ka yi sauri, amma kar ka kashe mini shi." Ban taɓa jin tsawon hanyar da ta bi ta gefen kasuwa ba sai ranar.

Na tarar da mahaifiyata ta riga ta cika risho, tana tsintar shinkafa. Na ɗauke ashanar da ke kusa da ita, na sa a aljihu.

"Kai lafiya? Korar ka aka yi?"

"Umma, kar ki kunna. Akwai fetur a ciki."

"Wa ya ce?"

"Mun auna."

"Kun auna. To, sannu likita. Yanzu bokon har ya kai ka hana ni girki?"

Ban yi gardama ba. Na yi mata abin da malama ta yi, da murfin gwangwanin madara, can nesa da ɗakin girki. Da wutar ta tashi, ta yi salati. Sai kuma ta miƙe zumbur.

"Maman 'yan biyu! Na ba ta kwalba guda da safe!"

Maƙwabciyarmu ce, 'yar haya. Ranar na fara ganin mahaifiyata ta fita ba mayafi, tana ƙwala kira tun daga zaure. Allah ya kiyaye, ita ma ba ta kunna ba. Gidajen biyu garin kwaki muka ci da ƙuli-ƙuli.

Washegari mahaifiyata ta je makaranta yin godiya. Malama ta karɓi godiyar, sannan ta buɗe littafina ta nuna mata inda na goge. Maki huɗu cikin goma ta ba ni. Na zaci za a roƙa mini sassauci. Umma ta ce, "Ai kin yi masa adalci."

Yau gas muke girki da shi, an rushe wancan ɗakin gwaji an gina sabo, malama kuma an ce ta koma garinsu bayan ta yi ritaya. Na yi cigiya, ban dace ba. Aikina yanzu tace labarai ne kafin a karanta su, kuma kusan kullum sai na ci karo da wani adadi ko wata magana da ta ƙi zama daidai da abin da kowa ke tsammani. Nan ne nake rage gudu. Abokan aiki suna cewa na cika naci. Ba na musu. Da ina da lambar wayar malama, da na kira na gaya mata cewa Umma ta tsufa lafiya, kuma 'yan biyun nan duk sun yi aure.