Albasar Nafisa a Kwanon Ful

Ya jama'a, yau ustazai sun cinye darasin 'yata!

Nafisa ta jima tana renon albasa a bakin kofin shayi, har ta fid da fararen saiwoyi. Ustaz na ilimin halittu ya ce za su yanki saiwar, su ga yadda ƙwayoyinta ke rabuwa a mijhar, madubin ƙara girma. Akwai maki a kai.

Da safe ta manta da ita. Na yafa tob, na kai madrasa ina lallaɓawa kamar jaririya. Na miƙa wa farrasha mai sharar ofis, na ce, "Ta Ustaz ce."

Da azahar yarinya ta dawo tana kuka. Wai Ustaz ya ba ta sifiri! Na koma a guje.

Farrasha ta ce, "Hajja, ai lokacin fatur, karin kumallon ustazai, kika kawo. Na yanka musu a ful, dafaffen wakensu."

"Saiwar fa?"

"Akuya ta ci."

Ustaz ya fito yana sakace. "Malesh, yi haƙuri, ya Hajja, ai ba ta kawo albasar ba."

Na ce, "Ta iso gare ka, Ustaz. Ga warinta nan a bakinka!"

Ya goge sifirin, hannu ɗaya a baki. Astagfirullah!