Ilu Mai Ƙanƙara da Zauren Surukinsa

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, ita ce shekarar da Ilu mai ƙanƙara ya kusa rasa aikinsa. Ilu mutumin ƙauye ne da ya yi aure a birni, gajere, mai saurin ƙafa, ga ladabi har ya yi masa yawa. Aikinsa tura baro: ya ɗauko ƙanƙara daga shagon maigidansa, Alhaji Ado, ya raba wa masu zoɓo da kunun aya a unguwannin Madabo da Kabara.

Da tarukan siyasa suka yawaita, ciniki ya buɗe, sai Alhaji Ado ya ce a dawo da firiza da janareta tsakiyar gari don tafiya ta ragu. Ya kama shago a unguwar Sheshe. Abin da bai duba ba shi ne, lungu ɗaya tak baro ke iya bi daga shagon, kuma a bakin lungun nan zauren Baffa yake, surukin Ilu.

To, ba a wuce suruki a tsaye. Kullum sai Ilu ya jingine baro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Baffa kuwa bai san gaisuwar gaggawa ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina a ƙauyensu Ilu, sannan ya shiga bayanin wanda ya cancanci kansila. Baro na ta tsiyaya a rana, Ilu na ta "Haka ne, Baba." Kafin ya isa Kabara, ƙanƙarar ta koma kamar guntun sabulu.

Masu zoɓo suka kai ƙara. Alhaji Ado ya ce, "Ilu, ko ka rage gaisuwar nan, ko ka ajiye mini barona."

"Alhaji, mahaifin matata ne fa," in ji Ilu.

Ya gwada sammako, ya tarar Baffa ya riga shi fitowa. Ya gwada ɗaukar ƙanƙarar a ka ya zaga ta wani lungu, ya jiƙe sharkaf, mura ta kwantar da shi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ba shi da wata sana'ar.

Alhaji Ado ne ya samo dabara. Ya je ya roƙi Baffa hayar zauren, aka kwaso firiza aka kai can. Sai an gama gaisuwa tsaf sannan a buɗe firiza, baro ya fita a guje. Ƙorafi ya ƙare, Ilu ya tsira da aikinsa.

Sai dai zauren ya zama mazaunin Ilu tsakanin zuwa da dawowa, Baffa kuma ba ya ɗagawa daga kan buzunsa. A kawo kwanon abincin rana, Baffa ya ce, "Bismillah, Malam Ilu." Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake," don ba a cin abinci a gaban suruki. Ƙanƙara ta daina narkewa, Ilu ne ya shiga ramewa.